Firgicin Taro a Filin Ƙwallo

Masu sharhi sukan ɗora kayen da Barazil ta sha a hannun Jamus ran 8 ga Yuli, 2014, a kan rashin Neymar da Thiago Silva. A ganina wannan hujja ba ta gamsar ba. Tsakanin minti na 23 da na 29 aka zura musu ƙwallo huɗu, alhali kuwa dukansu ƙwararru ne. Tsoro ne ya yi naso. Kowa ya dubi ɗan'uwansa ya ga firgici, sai ya biye masa. An rasa mai cewa a dawo a tsare gida, domin kowa na kunyar karaya a gaban mutanen ƙasarsa. Shi kansa David Luiz, kyaftin ɗin ranar, gaba ya riƙa kutsawa, har aka tashi 7 da 1.