Tafinta, Dangwale da Igiyar Rataya

Jama'a, duk ran da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta saki wanda aka yanke wa hukuncin kisa kan fashi da makami, sai ka ji ana gunaguni a mahaɗa cewa alƙalai sun sayar da shari'a. Wani lokaci sakin yana da zafi, ba mu musa ba. Amma a duba abin da kan jawo shi.

Mu ɗauki Maiduguri. A kama Babarbare ko Bashuwa, wanda Hausar ma a daddafe yake yin ta. Ɗan sanda ya yi tambaya da Turanci, wani ya fassara, a rubuta da Turanci, a ce ya dangwala yatsa. Ran shari'a a Babbar Kotu sai a miƙa takardar a ce ga ikirarinsa. To, ikirarin wa ke nan? Nasa, ko na tafinta? Shekaru da dama sai a Jos ake sauraron ƙarar mutanen Borno, kuma sau da yawa a can ne ake fara yin wannan tambaya.

Kotun Ƙoli ta riga ta amsa. A 2012, cikin shari'ar Gwamnatin Tarayya da Usman, ta ƙara tabbatar da tsohuwar ƙa'ida: in ta bakin tafinta aka ɗauki jawabi, tilas ya zo kotu ya rantse, ya faɗi abin da aka tambaya da abin da aka amsa. In bai zo ba, takardar ji-ta-ji-ta ce, ba a karɓarta. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya wajabta a ba wanda ake tuhuma tafinta kyauta a kotu.

'Yan'uwa na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, wannan magana taku ce fiye da kowa. Abin da ke samun Babarbare a Yerwa shi ke samun maigadi ko ɗan dako a Ikko, har da ƙari, don shi ba dangi kusa. Kada ku dangwala wa abin da ba a karanta muku da harshenku ba. In an yanke hukunci, kwana 90 doka ta bayar a ɗaukaka ƙara, kuma tun 1976 akwai hukumar ba marasa hali lauya kyauta. Sarakunan Hausawa na Kurmi, da ma kuna bin sawun wannan kamar yadda kuke bin rikicin kasuwa!

Masu cewa ɗaukaka ƙara ɓata lokaci ne, su tuna da Nasiru Bello. Babbar Kotun Jihar Oyo ta yanke masa hukuncin kisa kan fashi a 1980, ya ɗaukaka ƙara, aka kashe shi a 1981 tun ba a saurare shi ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa doka, ta sa a biya iyalinsa diyya. Ko ya yi fashin ko bai yi ba, babu kotun sama da ta sami damar dubawa.