Ƙafar Da Ta Kai Abuja Ta Kasa Kaiwa Magami

A watan Afrilun 2015 Suleiman Hashimu ya taso daga Legas a ƙafa, ya yi kwana 18 a hanya, ya shiga Abuja don taya Muhammadu Buhari murnar cin zaɓe. Tun daga lokacin tattaki ya zama kamar sana'a a Arewa. Da an kammala zaɓe sai ka ga matashi ya ɗaura tuta a baya, ya rataya hoton sabon gwamna ko sanata a ƙirji, a ƙafa ko a kan keke, yana keta garuruwa, mu kuma muna biye da shi da wayoyinmu muna zuba bidiyo a Facebook da TikTok. Inda tafiyar take ƙarewa kowa ya sani: ƙofar gidan gwamnati, musabaha, hoto, ambulan, in an taki sa'a har da makullin mota.

Ashe dai ƙarfin ƙafa ba shi muka rasa ba. Aliyu Abdullahi Obobo ya bar Jos a kan keke a 2021, ya isa Makka a ƙarshen 2022, ya nuna wa duniya abin da ɗan Arewa zai iya idan ya ƙulla niyya. To, cikin dukkan masu wannan juriya, su nawa muka raka da tafi don sun hau keke saboda yaran da ke kwana a barandar shaguna a Gusau? Muna da gwiwar da za ta yi kilomita ɗari bakwai don a gaisa da wanda ya riga ya ƙoshi, amma ba mu da ta zagaya Tudun Wada da Samaru don wanda ya kwana da yunwa. Wannan abin kunya ne, kuma namu ne gaba ɗaya, da masu tattakin da mu masu kallo.

Mu fara da sanin su wane ne yaran nan, domin mun saba da kiran duk yaron da ke riƙe da roba almajiri, mu wuce. A Gusau ta yau wannan suna ya daina ɗaukar gaskiyar duka. Akwai almajiran da iyayensu suka kawo karatu, kamar yadda aka saba. Akwai kuma waɗanda ba allo ne ya fito da su ba, bindiga ce. Hanyar da ta tashi daga Gusau ta bi ta Magami zuwa Ɗansadau ta kai matsayin da matafiya kan taru su jira rakiyar jami'an tsaro kafin su kama ta. A ƙauyukan Tsafe da Bungudu manoma sun sha biyan 'yan bindiga kuɗi kafin a bar su su girbe abin da suka noma da guminsu. Wanda ya kasa biya ya gudo birni. Uwar da ke tsaye a bakin titi da goyo tana miƙa hannu, shekaru kaɗan da suka wuce tana da rumbu da awaki. Wannan fa a jihar da ta rubuta a lambar motocinta cewa noma ne abin alfaharinta. Yaron wannan mata ba shi da malam, ba shi da tsangaya, ba shi da ko gidan da zai je ya yi wanke-wanke a ba shi saura.

A wasu ƙasashe keke ya daɗe yana ciyar da mabukata. A jihar Masacusets ta Amurka akwai tseren da ake kira Pan-Mass Challenge, wanda aka fara a 1980 don tara wa cibiyar cutar daji ta Dana-Farber kuɗi, kuma a 2024 jimillar abin da ya tara ta haura dala biliyan ɗaya. Tsarinsa shi ne abin lura. Kowane mahayi yana ɗaukar alkawarin adadin da zai tara daga dangi da abokai. Kamfanoni da kuɗin rajista su ke ɗaukar ɗawainiyar shirya taron. Duk abin da mahaya suka tara yana tafiya asibitin ba a cire ko sisi ba, kuma ana bayyana lissafin. A nan gida ma Kunle Adeyanju ya taso daga Landan zuwa Legas a kan babur a 2022, tare da ƙungiyar Rotary, don yaƙi da shan-inna. Duka biyun darasinsu ɗaya ne. Keken talla ce kawai, kamar gangar mai shela. Abin da ke sa mutum ya sake bayarwa baɗi shi ne ya ga inda kuɗinsa na bana ya tafi.

A nan ne muke faɗuwa. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta muna da ƙa'ida guda da ba a wasa da ita: duk tsarin da ba ya ajiye tarihin abin da ya shigo da abin da ya fita, ba a damƙa masa kuɗin kowa, ko da waliyyi ne ya gina shi. Amma dubi yadda muke neman taimako a intanet. A ɗora hoton yaro cikin tsumma, a saka lambar asusun mutum ɗaya, a yi ta turawa, bayan kwana uku a rubuta "Alhamdu lillahi, Allah ya saka da alheri", shi ke nan an rufe littafi. Wanda ya tambayi nawa aka samu sai a ce mai hassada ne. Da yawan masu wannan aiki mutanen kirki ne, amma rashin lissafi ya sa ba a iya bambanta su da ɓarayi, kuma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Idan muka ɗauko hawan keke muka ɗora a kan wannan ɗabi'a, ba abin da muka ƙara sai sababbin riguna masu tambari.

Za a ce sadaka a ɓoye ta fi, bayyanawa riya ce. Mun yarda, amma a duba abin da ake ɓoyewa. Sunan mai bayarwa a ɓoye shi, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Fuskar yaron da aka bai wa ita ma a ɓoye ta, domin yunwa ba ta cire masa mutunci ba. Amma hanyar da kuɗin jama'a ya bi amana ce, kuma amana ba ta tsoron rana. Mu kuwa mun juya abin: muna tallata mai bayarwa, muna haska fuskar maraya, muna binne lissafin.

Za a kuma ce ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma tarihinta a nan ba abin yabo ba ne. A watan Afrilun 2012 Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi da ke Sakkwato, aka gina irinta sama da ɗari, da yawa suka lalace bayan saukarsa. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci suna mayar wa juna kamar kayan da aka ƙi saye. A 2023 aka kafa hukumar ƙasa ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, shekara guda bayan UNESCO ta ƙiyasta irin waɗannan yara a Nijeriya sun kai kusan miliyan 20. A Zamfara muna da Hukumar Zakka da Waƙafi tun zamanin Ahmad Sani Yarima, kuma Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023. Hukumomi ba su yi ƙaranci ba. Masu tambayar su ne suka yi ƙaranci. Wanda ya je gidan gwamnati karɓar ambulan ba ya da bakin tambaya, domin bakin da ya ci shi ke godiya. Wanda ya je da littafin lissafinsa a buɗe yana da ikon cewa: ga namu, ina naku?

Sai batun tsaro, kuma ba ma cewa kowa ya jefa ransa a halaka. Ba wanda zai hau keke zuwa Magami a halin da ake ciki. A yi zagayen cikin Gusau, daga Gada Biyu zuwa Damba a dawo, a yi ta maimaitawa har a cika tsawon hanyar Gusau zuwa Ɗansadau. Kowane zagaye a ambaci sunan wani ƙauye da mutanensa suka watse. Rashin iya bin ainihin hanyar shi kansa saƙo ne da ya fi kowane jawabi nauyi.

Sharuɗɗan ba su da wuya. Asusun ya kasance na ƙungiya mai rajista, wanda sai mutum uku sun sa hannu kuɗi ke fita. Ruwan sha da riguna da man motar rakiya su fito daga aljihun 'yan kasuwar da ke son a ga sunansu, kada a taɓa na yara. A buɗe shafi guda da kowa zai gani a wayarsa, kowace naira da ranar shigarta da rasitin fitarta. A kuma liƙa kwafinsa a bangon masallacin Juma'a, a karanta shi a rediyo, domin ba mu manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar, kuma matar da ta gudo daga ƙauye ba ta da data.

Kuɗin kuma kada ya ƙare a buhun shinkafar da za a raba gaban kyamara, a ci yau a koma titi jibi. A ba uwa jarin ƙosai ko na ƙuli-ƙuli. A saya wa magidanci keken kansa, domin tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 keke ya dawo da martabarsa, yana ɗaukar ruwa da itace da kayan gwari, yana kai yaro makaranta. A sa yaran a aji, na boko da na allo, a kuma nemi uban da ke raye a tuna masa cewa ciyar da ɗansa farilla ce a kansa. Bayan wata 12 a dawo a faɗa mana yara nawa ne har yanzu suke cikin aji. Wannan adadin shi ne sakamakon tseren.

Zaɓe na nan tafe, kuma masu tuta a baya sun fara gyara tayoyinsu. Ba za mu iya hana kowa tattaki ba. Abin da ke hannunmu shi ne wayarmu: wa za mu ɗauka, wa za mu yaɗa, wa za mu tura wa naira ɗari biyar. Duk wanda ya zo wucewa a kan keke yana neman tafinmu, mu tsayar da shi mu yi masa tambaya biyu: don wa kake wannan wahala, kuma ina za mu ga lissafin?