Takardun Bango Masu Hoto Da Yadda Su Ke Jan Mutane

Duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato, ko yaƙi ya tashi a wata ƙasa, kafin a ji hujjar kowa sai a tarad da hotuna sun cika gari. Takardun nan da a ke ce wa fasta a kan manna su a bangon kasuwa da jikin motoci, yanzu kuma har cikin wayar hannu su ke bin mutum. Ya kamata malamai da 'yan kasuwa su san cewa wannan sana'a ce mai ƙa'idodi, kuma a yaƙe-yaƙen Turai aka ƙware da ita. Wanda ya san ƙa'idodin nan da wuya a sayar masa da biri a sama.

Ka'ida ta fari ita ce a ware mutum guda daga cikin taro. A shekarar 1914 Ingila ta shiga yaƙi da Jamus, alhali kuwa ba ta da dokar ɗaukar soja tilas, ba a yi ta ba sai 1916. Sai wani mai zane, Alfred Leete, ya zana fuskar Ministan Yaƙi, Lord Kitchener, watau wanda ya ci Umdurman ta Sudan a 1898. Aka buga hoton a bangon wata mujalla ta Landan ran 5 ga Satumba 1914. Babu doki a ciki, babu igwa, sai ido biyu da gashin baki da yatsa guda a miƙe. Hikimar ita ce an zana idon da yatsan suna fuskantar gaba sak, saboda haka ko ta wane gefe mutum ya ɓullo sai ya ga shi a ke nunawa. Kiran da aka yi wa jama'a duka kowa na iya cewa da maƙwabcinsa a ke, amma wanda aka nuna da yatsa ba shi da mafaka.

Dabarar ta yaɗu. A 1917 James Montgomery Flagg ya zana wa Amurka dattijon nan Kawu Sam, da doguwar hula da yatsa a miƙe, aka buga wajen kofe miliyan 4. A 1920 Dmitri Moor ya zana wa 'yan gurguzu na Rasha soja mai jar riga, hayaƙin masana'antu a bayansa, yana tambayar mai wucewa ko ya ba da sunansa. Masu sarki da masu jamhuriya da masu gurguzu, waɗanda ba su haɗu a kan aƙida ba, duk suka haɗu a kan yatsa guda. Wannan ya isa dalili cewa ƙarfin hoto bai shaidi gaskiyar mai shi ba.

Ta biyu ita ce kunya. A 1915 aka fitar da wata fasta a Ingila, zanen Savile Lumley: magidanci zaune a kujera bayan yaƙi ya ƙare, 'yarsa bisa cinyarsa tana tambayarsa abin da ya yi a yaƙin, ɗansa a ƙasa yana wasa da sojoji irin na yara, watau 'yan mutum-mutumin soja. Uban ya kau da kai ya zuba wa mai kallo ido, ba shi da amsa. Ba a ambaci Jamus ba, ba a faɗi dalilin yaƙin ba. An kama mutum ta wajen 'ya'yansa, inda ya fi rauni.

Ta uku ita ce taƙaitawa. A zaɓen shugaban Jamus na 1932 jam'iyyar Hitila ta fitar da fasta wadda babu kome a cikinta sai fuskarsa a tsakiyar baƙin fili, da sunansa da fararen haruffa. Sauran fastoci sun cika da launi da rubutu, wannan kuwa sai ta fita daban a bango kamar wata a daren duhu. Babu alkawari a cikinta, saboda haka babu abin da za a kama shi da shi gobe. Kowa ya zuba burinsa cikin fuskar. Hindenburg ne ya ci zaɓen, amma a watan Janairu 1933 Hitila ya zama shugaban gwamnati.

Ta huɗu ita ce mafi muni, watau a fid da abokin gaba daga jinsin 'yan Adam. Wata fastar Amurka ta wajen 1917 ta nuna Bajamushe a siffar goggon biri, da hular sojan Jamus a ka, kulki a hannu guda, mace a ɗaya hannun. Bayan yaƙin, da Faransa ta girke sojojinta na Afirka a gaɓar kogin Rhine, sai Jamusawa suka juya wannan makami kan baƙar fata, suka riƙa zana su kamar namun daji. Abin bai tsaya a takarda ba. A watan Yuni 1940 sojojin Jamus suka karkashe fursunonin yaƙi baƙaƙe 'yan Afirka ta Yamma a wurare da dama, har da Chasselay kusa da Lyon. Haka kuma aka yi shekaru ana zana Yahudawa da munanan siffofi kafin a hallaka wajen miliyan 6 daga cikinsu. Hannu ba ya nauyi wajen kashe abin da ido ya saba gani a matsayin dabba.

Akwai kuma magana a cikin jeri. Ingila ta buga fasta a Yaƙin Duniya na Biyu mai nuna sojojin daularta suna maci tare, don a ce duk ɗaya su ke. Amma Turawa aka sa a gaba, Ba'indiye da baƙar fata a baya, ko da ya ke rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda Hausawa da yawa ke ciki, sun sha wuya a dazuzzukan Bama. Rubutu ya ce daidai a ke, jeri ya faɗi abin da ke zuciyar masu mulki.

To, kada a ɗauka hoto sihiri ne. Ranar da aka fi shiga soja a Ingila ita ce 3 ga Satumba 1914, da mutum fiye da 30,000, kwana biyu kafin hoton Kitchener ya fito. Sa'an nan a 1939 Gwamnatin Ingila ta buga jar fasta da kambin Sarki a sama, tana cewa jaruntakarku da ƙudurinku za su kawo mana nasara. Talakawa suka tsaya kan "ku" da "mu", suka ce ashe su za su sha wahala manya su kwashi riba. 'Yar'uwarta mai cewa a natsu a ci gaba, an buga fiye da miliyan 2, kusan duk ba a manna su ba, ba ta yi suna ba sai bayan an tsinci kofe guda a wani kantin littattafai a shekarar 2000. Watau hoto yana hura wutar da ta riga ta kama ne, in kuwa ya saɓa wa abin da ke ran mutane sai su yi masa tofin Allah tsine.

Nijeriya ma ta san wannan aiki. A zaɓen tarayya na 1959 kowane ɗan takara da akwatinsa, da alamar jam'iyyarsa a jiki: NPC fartanya, NEPU tauraro, NCNC zakara, AG itacen kwakwa. A 2023 aka ga tsintsiya da lema da kwandon kayan marmari. Alama tana da amfani na gaske, gama tana shiryar da wanda bai iya boko ba. Sai dai fartanya ba ta faɗi kuɗin gyaɗa ba, tsintsiya kuma ba ta faɗi wanda za ta share ba. Yau abin ya ƙara tsanani, don kwamfuta tana ƙaga hoton abin da bai auku ba. A watan Maris 2022 an yaɗa wani hoto mai motsi na jabu, wai shugaban Yukren yana umurtar sojojinsa su ajiye makamai. Karin maganar nan ta gani ya kori ji tana bukatar sharaɗi a wannan zamani.

Magani yana hannun masu karatu tun tuni. Malami ba ya karɓar magana sai ya san wanda ya ruwaito ta, falke kuma ba ya sayen turmin atamfa sai ya warware shi a hasken rana. Haka ya kamata a yi wa fasta. A tambayi wanda ya biya kuɗin bugawa, a tambayi abin da ya ke so a aikata, sa'an nan a nemi abin da aka bari a wajen hoton, gama fastocin kiran soja ba su nuna kaburbura. In kuwa aka ga an zana wata ƙabila ko wasu mutane a siffar dabba, lalle a san jini a ke nema, a yi nesa da ita. Ƙuri'a guda ce mutum ke da ita, ɗansa kuma ba shi da rai biyu, bai kamata a ba da su don kyan launi ba.