Wa ya ƙirga barewa, kuma wa ke biyan kuɗin lissafin?

Ranar Asabar na zauna shan shayi gefen Petit Marché a nan Yamai, gardama ta kaure kan farauta. Wani dattijo, tsohon maharbi, ya dube ni ya ce: "Yaro, ku ƴan rediyo kullum cewa kuke barewa ta ƙare. Wa ya bi ta ya ƙirga?"

Tambayar ba ta banza ba ce. Tun dokar farauta ta 1998, hukuma ce ke faɗin dabbar da aka hana taɓawa da lokacin buɗe daji, kuma da alƙaluman masu bincike take kafa hujja. To alƙaluman nan ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Dubi raƙuman dawa na Kouré. Kowane ɗaya ana ɗaukar hotonsa, zanen jikinsa daban yake kamar zanen yatsa. In an ce 49 ne suka rage a 1996, daga baya suka haura 600, ni na yarda.

Barewa fa? Ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto. Mota ko jirgi ke bin wasu layuka, a ƙirga abin da ido ya gani, sauran a ƙiyasta. A 2016 an shawagi da jirgi a kan Termit da Tin Toumma ana neman adaks, ƴar uwar barewa mai murɗaɗɗen ƙaho, ba a ga ko ɗaya ba. Masu bin ƙasa ne suka ga uku. Da jirgin kaɗai aka saurara, da an yi mata jana'iza. Ga shi yanzu rashin tsaro ya sa shiga dajin W ma ya yi wuya.

Sai dai Baba maharbi ma bai ƙirga ba. Ganin garke ɗaya ba ya nufin daji a cike yake, kuma shi da bakinsa ya ce tafiyar wuni guda ta da, yau kwana uku ce.

Abin da ke min ciwo, in lissafi ya ce a rufe, mai bindigar gargajiya da kare biyu ne ma'aikatan gandun daji suka fi saurin kamawa. Masu bin barewa da manyan motoci har ta faɗi, su wa ke tare su? Ni a ganina, duk tawagar ƙirga da za ta fita, a saka mata maharbi mai karanta sawu, a biya shi, a kuma karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Zabarmanci kafin a rufe daji.