Mai Miƙa Maka Amsa Ba Taimakonka Ya Yi Ba

'Yan'uwana ɗalibai, yau da masu kirkin cikinmu nake faɗa, waɗanda in an ba da jingar lissafi sai su miƙa littafinsu ya zaga ɗakunan kwana kamar ƙwaryar goron biki. Ni ma na yi, shi ya sa ba zan sassauta ba.

Bara wani abokina ya shekara yana kwafar aikina, ina ganin zumunci nake yi. Da muka je hutu garinsu, aka yi rasuwa a maƙwabta. Mamacin ya bar mata ɗaya, ɗa ɗaya, 'ya ɗaya, da Naira 24,000 bayan an biya bashi. Kafin malamin rabon gado ya iso, dattawa suka ce to, ga ɗan jami'a, ya lissafa musu. Abin ba wuya: matar ta ɗauki tumuninta, 3,000, ragowar 21,000 a kasa uku, namiji 14,000, mace 7,000. Wallahi sai gumi ya karyo masa, ya juyo yana kallona. Kunyar da na ji ta fi tasa, domin ni na gina masa wannan ramin.

Kada a ce na hana tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Amma wanda ya zo da takardarsa ya ce, "Na kawo nan, daga nan na kakare," daban yake da mai cewa, "Ba ni na lamba 4." Na farko a zauna da shi har asuba. Na biyu a tambaye shi abin da ya gwada tukuna.

Masu fakewa da cewa lissafi kayan Turawa ne kuwa, ina suka baro Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rubuta littafi kan ƙa'idojin tsara hatimi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741? Hanyar cika gidajen ya koyar, yadda kowa zai iya tsara nasa.

Ku ma malamanmu, Allah ya gafarta muku, da laifinku. Tambayoyin bara su ne na bana, kuma wasunku layin ƙarshe kaɗai suke dubawa su sa maki. Ku riƙa kiran mutum uku gaban allo duk ranar karɓar jinga, kowa ya bayyana yadda ya kai ga amsarsa. Ni dai daga wannan zango littafina yana cikin akwati, amma ƙofar ɗakina a buɗe take bayan sallar isha'i.