Ɗan IT Ba Ɗan Aike Ba Ne

Alhaji mai kamfani, da kai nake. Ke ma Hajiya shugabar ofis, kada ki kau da kai. Kun karɓi 'ya'yan mutane daga jami'a da sunan koyon aiki, kun mai da su 'yan aike, ko gezau.

Shirin SIWES, wanda ɗalibai ke kira IT, hukumar ITF mai hedkwata a Jos ce ta ɓullo da shi a 1973, saboda masu masana'antu suna kukan cewa masu digiri na fitowa ba su taɓa riƙe inji ba. Wato kukanku ne ya haifi shirin. Ɗalibin injiniya ko aikin gona ko kwamfuta yakan bar aji har wata shida domin hannunsa ya san abin da kansa ya haddace. Da ya iso sai a nuna masa benci a bakin ƙofa. "Kai ɗan IT, sayo mini kati." "Karɓo mini abinci wajen Iya." Yarinyar da ta shafe shekara uku tana karatun sinadarai a Zariya ko Kano ta ƙare a gaban injin fotokwafi, ɗakin gwaje-gwaje kuwa an hana ta shiga, wai kar ta yi ɓarna.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne littafin rahoto. Ƙa'ida ita ce ɗalibi ya rubuta abin da ya yi, mai kula da shi ya duba duk mako ya sa hannu. Ku kuwa kun bar shi fayau har sai an ji malami na tafe daga jami'a, sannan yaro ya zauna dare ɗaya ya ƙago aikin wata shida, oga ya buga hatimi bai karanta ko layi ɗaya ba. Shaidar zur ke nan, kuma ita kaɗai yaron ya koya a hannunku.

Gobe kuma a ji ku a taro kuna cewa yaran yanzu ba su iya komai ba. Wa ya hana su iyawa? Maƙerin unguwa ya fi ku sanin haƙƙin mai koyo. Yaro na busa zugazugi amma idonsa na kan uwar maƙera, kuma rana na zuwa da za a miƙa masa masaba.

Ba wani kuɗi gyaran zai ci ba. A haɗa ɗalibi da ma'aikaci guda wanda zai amsa tambayarsa, a damƙa masa aikin gaske ko ƙarami ne, ya yi kuskure a gyara masa. A kuma ba shi kuɗin mota, domin wasu daga aljihun iyayen da ba su da shi suke zuwa yi muku bauta kullum.

In ba za ka iya ba, Alhaji, mayar masa da takardarsa tun ranar farko, ya nemi wani wuri tun lokaci bai ƙure masa ba.