Ba Yawan Girafin Ke Ƙarfafa Roba Ba

A shekarar 2004 ne Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Mancesta, a Ingila, suka ɓare girafin daga irin baƙin da ke cikin fensir. Falle ne na kabon mai kaurin ƙwayar zarra guda, amma ya fi ƙarfe ƙarfi. In aka gauraya ɗan kaɗan cikin roba takan ƙara ƙwari, har ta ɗauki lantarki. Sai dai fallayen sukan dunƙule kamar gudajin tuwo, kowane gudaji kuwa wurin tsagewa ne.

Saboda haka, a ganinmu, tilas ma'aikatan da ke sayo wa gwamnati kaya su nemi sakamakon gwaji, kada sunan girafin a jikin kwali ya ruɗe su. Ɗalibanmu kuwa su naƙalci ilmin gaurayawar, domin nan gwanintar take.